Suturar zuwa biki ga wadda ba ta cikin 'yan anko

Ummu Hafsat, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Abokiyar aikina za ta aurar da 'yarta mako biyu bayan ƙaramar Sallah, kuma katin da ta ba ni ya ƙunshi kamu da yini da dina. An fitar da anko, amma na dangi ne da aminan uwar amarya, ni kuwa zumuncinmu bai kai nan ba. Ina roƙon waɗanda suka saba shiga irin wannan hidima su faɗa mini yadda suke zaɓen abin da za su sa, domin ba na son a ga kamar na raina gayyatar, ba na kuma son cin bashi saboda taron kwana uku.

Hajiya Babba, Zariya:
Wa alaikumus salam. 'Yata, kowane zama da irin kayansa, kuma wurin da za ki zauna shi ne zai gaya miki abin da ya dace. Yini a gida ake yinsa, a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa, ana zaune a kan tabarma, ana miƙa kwanukan waina da miyar taushe ta saman kawunan mutane, yara kuma suna ta kai-kawo da hannuwa duk maiƙo. A irin wannan wuri ban taɓa ganin abin da ya kai atamfa ba, ɗinkin riga da zani, da ɗankwalinta da mayafi mai yalwa. A bikin jikata na ga wata baƙuwa da ta zo da leshi mai duwatsu, an ɗinke shi ya kama ta tsam; zama ya gagare ta, duwatsun suka riƙa sarƙe mayafan jama'a, da aka kira la'asar kuma sai da ta ari zani kafin ta iya yin sallah. Leshinki ki ajiye shi sai ranar dina, inda akwai kujeru da na'urar sanyaya ɗaki. Kamu kuwa taron amarya ne da ƙawayenta, saboda haka mace mai shekarunki ta je cikin shiga ta kamala, ta yi liƙi daidai ƙarfinta.

Maman Nana, Maraɗi:
Na yarda da Hajiya, sai dai ina ƙara batun yanayi. A nan wajenmu idan biki ya faɗo a bazara, shadda mai nauyin sitaci azaba ce, don haka nakan sa galila mai laushi wadda ta sha wanki. Game da anko kuma, in ba a yi miki tayi ba babu laifi a kanki, amma in aka yi miki tayi kika yi shiru, a nan ne ake jin haushi. Ni nakan faɗa wa mai bikin gaskiya cewa ba ni da hali a wannan karon, in kai gudummawata, kuma ban taɓa ganin wadda ta riƙe ni a rai ba.

Baban Sadiq, Katsina:
Ko da yake tambayar ta mata ce, maigidanki zai je ɗaurin aure, don haka bari in sa baki. Babbar riga mai aiki, irin su aska takwas, a ganina ta ango ce da waliyyai da manyan baƙi. Ni da nake zuwa a matsayin aboki ko maƙwabci, kaftani na farar shadda da hula zanna ko kube sun ishe ni, matuƙar an wanke su an goge da kyau. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne takalmi: a masallaci ko a ƙofar gida ake ɗaura aure, cikin cunkoso, saboda haka mai sauƙin cirewa nake sawa, ba kuma mafi tsada a cikin takalmana ba.

Anti mai ɗinki, Kano:
Yaya Ummu Hafsat, tun da kin ce bayan Sallah ne, maganar da ta fi gaggawa ita ce ta tela. Daga tsakiyar azumi yawancinmu mun rufe karɓar aiki, kuma duk wanda ya karɓa a goman ƙarshe, ko dai ya saɓa alkawari ko ya yi miki ɗinkin gaggawa. Ki kai kayanki tun cikin Sha'aban. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, masu kawo mini atamfar Super da shaddar Getzner sun ragu ƙwarai, kuma na shaida da idona cewa matsakaiciyar atamfa daga Kantin Kwari, in ta samu yanka mai kyau da mayafin da ya shiga da launinta, tana fin mai tsadar da aka ɓata wajen ɗinki. Ki kuma tambayi launin ankon kafin ki saya. Idan naki ya yi kusa da nasu amma ba shi ba ne, mutane za su ɗauka kin nemi ankon kin kasa, shi ya sa nake ba kwastomomina shawara su ɗauki launin da ya yi nisa da shi sarai.

Ummu Hafsat, Kano:
Allah Ya saka muku da alheri. Na tambaya, ankon ruwan goro ne, don haka zan ɗinka shuɗiyar atamfa ɗaya domin yini, kamu da dina kuma in sa abin da nake da shi. Saura batun ɗauri: ashoke ya dace da baƙuwa a dina, ko ɗankwali ya isa?

Anti mai ɗinki, Kano:
Ɗankwalin leshin ya isa, Yaya. Ashoke a bar wa amarya da iyayen biki, domin su ne ake son a gane daga nesa idan an shigo zauren taro.