Harajin Amurka da Turai: wa ya ji a jikinsa a cikinmu?

Baban Khalid, Reggio Emilia (Italiya):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa tun da Amurka da Tarayyar Turai suka shiga ramuwar gayya da harajin shigo da kaya. Bari in fara. A ma'ajiyar cukun Parmigiano nake aiki, dunƙule ɗaya kusan kilo 40, mu ne masu juya shi da goge shi a kan katako. A Oktoban 2019 Amurka ta ɗora masa harajin kashi 25 cikin 100 saboda tallafin da Turai ke ba kamfanin ƙera jiragen sama na Airbus, shari'ar da ke gaban Hukumar Ciniki ta Duniya tun 2004. Makonni kafin ranar, dare da rana muke lodi don kaya su riga harajin isa. Da ya fara aiki sai sito ya yi tsit, aka yanke mana awannin ƙari. Daga awannin nan nake biyan kuɗin makarantar ƙannena biyu a Zangon Kumasi. Wata huɗu ina ba mahaifiyata haƙuri a waya.

Ɗan Damagaram, Jaén:
Wa alaikumus salam Yaya. Mu ma man zaitun na kwalba daga Sifaniya ya shiga jerin kayan da aka ɗora wa harajin nan, ga farashi dama a ƙasa. Farkon 2020 na ga manoma sun tare hanya da taraktoci. Mai gonar da nake wa kaɗa zaitun ya rage mutum uku a cikinmu kafin kaka ta ƙare. Allah ya sa ban shiga ciki ba, amma wanda muke ɗaki ɗaya ya shiga.

Hajiya Mai Shago, Hambug:
Ni tawa ta riga taku. A Yunin 2018, da Trump ya sa kashi 25 kan ƙarfe da 10 kan sanholo, Turai ta rama da kayan Amurka: baburan Harley-Davidson, wandon jins, lemon kwali, har da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Ita matanmu ke saya don miyar gyaɗa. Dillali ya ƙara mini, ni ma na ƙara, wata baiwar Allah ta ɗauki kwalba ta duba kuɗin ta mayar ba ta ce komai ba. Abin ya tsaya mini a rai. Daga ranar na koma sarin ta Holan, kuma ko da aka sasanta a Roma a ƙarshen Oktoban 2021 ban koma ba, masu saye sun riga sun saba.

Baban Khalid:
Hajiya, gara ke kina da inda za ki juya. Cuku sai ya yi aƙalla wata 12 kafin a fitar da shi, ba a sauya masa kasuwa rana ɗaya. Mu sauƙi ya zo a Maris 2021 da aka dakatar da harajin na wata huɗu, sannan a Yuni Biden ya zo Brussels aka mayar da shi shekara biyar. Ranar da na sake ganin kwantenar New York a bakin sito, wallahi sai da na yi sujada.

Malam na Bronx:
Ku lura da kalmar dai, dakatarwa aka yi, ba sokewa ba. Ni direban babbar mota ne, daga tashar ruwa ta Newark nake ɗauko kaya. A 2025 aka dawo da harajin ƙarfe, ya kai kashi 50 a Yuni, a Yuli kuma Trump da shugabar Hukumar Tarayyar Turai, von der Leyen, suka daidaita kan kashi 15 ga yawancin kayan Turai. Kafin kowace ranar da aka sa don fara haraji, layi yakan kai ni har dare, bayanta in yini a mota ba a kira ni ba. Baban Khalid, ya awanninku suke bana? Kuma ko akwai namu da ke kamfanin ƙarfe a Brescia ta Italiya, ya zo ya ba mu nasa labarin.