Kalmomin madubin hangen taurari da abin da ake nufi da su

Shawara ga mai kallon taurari ita ce a ɗauki kalmomin fannin yadda ma'abotansa ke amfani da su. Madubi "mai sauri" ba gudu yake yi ba. Daga masu ɗaukar hoto sunan ya zo: madubi mai lamba f/4 yakan kama hoto cikin ɗan lokaci fiye da mai f/10 (lambar ita ce tazarar inda haske ke taruwa idan aka raba ta da faɗin bakin madubin). Amma ga ido, in faɗin baki da ƙarfin kusantowa ɗaya ne, hasken bai bambanta ba.

Akromat kuwa, sunan wani irin gilashin madubi, a Girkanci "marar launi" ne, alhali launuka biyu kaɗai yake tarawa wuri guda, shi ya sa ake ganin shunayya kewaye da tauraruwar Zahra. Apokromat uku yake tarawa. A ganina gara a tambayi irin gilashin kafin saye, domin 'yan kasuwa ba sa rowar liƙa wannan suna.