Gudawar haƙori ce, ko in kai shi asibiti?

Maman Abba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ba ni shawara, hankalina ya ƙi kwanciya. Yarona watansa takwas, goyon fari ne. Tun shekaranjiya da daddare yake gudawa, jiya sau shida na canza masa famfas, yau da safe kuma ya amayar da kokon da na ba shi. Jikinsa da ɗumi amma ba rau ba. Nono yana kamawa, sai dai ya ɗan ja ya saki ya hau kuka.

Gida ɗaya muke da Hajiya, mahaifiyar maigidana, a nan Kurna. Ta sa yatsa a bakinsa ta ce haƙori ne, 'ya'yanta tara duk haka suka yi, ba wanda ta kai wa likita. Baban direban tirela ne, yana hanyar Legas, sai jibi. Na kira shi ya ce in bi abin da Hajiya ta ce. Mai kemis na layinmu ya ba ni Flagyl na ruwa da wani sirof na haƙori, har yanzu suna leda ban buɗe ba. Ni dai ba na so a ce daga zuwana na raina uwar miji, amma wallahi idon yaron nan bai yi mini ba.

Malamar Asibiti:
Wa alaikumus salam. Sannu Maman Abba, Allah ya ba shi lafiya. Shekarata goma sha ɗaya a ɗakin yara, kuma kalmar nan ta "haƙori ne" ta sha kawo mana yaro a makare. Haƙori yana sa ƙaiƙayin dasashi da dalalar miyau da ƙiriniya, amma ba ya sa gudawa sau shida. Lokaci ne kawai ya zo ɗaya: a watannin nan yaro ke fara rarrafe, duk abin da ya tsinta sai baki, ga koko da kunu an fara ba shi.

Yanzun nan, kafin komai, aika a sayo miki ORS, garin gishiri da sukarin nan da ake haɗawa da ruwa don mayar da ruwan jiki, da ƙwayar zinc. Ƙullin ORS ɗaya a ruwa lita ɗaya, wato fiya wata leda biyu. Kada ki rage ruwan don ya yi ƙarfi, illa ce. Duk gudawa ɗaya ki ba shi kamar kwata zuwa rabin kofi, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai ki dakata minti 10 ki ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Zinc 20mg kullum har kwana 10, ko da gudawar ta tsaya. Nono kuwa kada ki fasa, ki ma ƙara.

Sannan ki duba maɗigarsa, ta loma? Idon ya zurma? Ki ɗan matse fatar cikinsa ki saki, in ta yi jinkirin komawa ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Yaushe rabonsa da fitsari? In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko jini a kashin, ko duk abin da ya sha sai ya dawo, ko ya yi laushi yana ta barcin da ba na lafiya ba, ko jijjiga, to ba maganar jiran jibi, ko tsakar dare ne a nemo adaidaita. Ni a nawa, tunda kwana na uku ke nan ga ɗumin jiki ga damina, ki kai shi yau ɗin nan a yi masa gwajin maleriya, minti 20 ya isa a ga sakamako. Flagyl ɗin ki ajiye, yawancin gudawar yara irin wannan ba shi ne maganinta ba. Ki tafi da katin rigakafinsa a duba ko ya samu ɗigon rota, wato rigakafin ƙwayar cutar da ke yawan sa yara gudawa, tun 2022 aka sa shi cikin rigakafin yara.

Baban Biyar:
Ni sirof ɗin haƙorin ne ya tsaya mini. Matasa ba lallai su tuna My Pikin ba. A 2008 ne, maganin haƙori da aka samu guba a ciki, ya lalata ƙodar yara, aƙalla 84 suka rasu kafin NAFDAC ta gama kwashe shi daga kasuwa. Tun lokacin kwalbar maganin haƙori ba ta sake shiga gidana ba.

Uwar 'Yan Biyu:
Ƙanwata, Malama ta gama maganar magani, ni ta Hajiya zan yi. Kada ki ce mata "ba haƙori ba ne", kin taɓo girma ke nan. Ki durƙusa ki ce, "Hajiya, na san haƙorin ne, amma tsoro nake ji, don Allah ki raka ni a duba mana shi." Ki miƙa mata jikan ta riƙe a hanya. Tsofaffin nan ba asibitin suke ƙi ba, a tsallake su ne ba sa so. Haka na yi da tawa lokacin da Hassana ta yi ƙyanda, ƙarshe ita ta fi ni yi wa nas-nas faɗa su yi sauri.

Maman Abba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba, maɗigar ba ta loma ba, amma famfas ɗinsa babu fitsari tun asuba. Na yi yadda Anti ta ce, Hajiya ta ɗan yi shiru sannan ta ce in ɗauko mata mayafi. Mun je da la'asar. Maleriya babu, amma sun ce ruwan jikinsa ya ragu, suka zaunar da mu awa huɗu ina ba shi ORS da cokali a gabansu, ba a kai ga ƙarin ruwa ba. Ya yi fitsari, ya kama nono sosai. Sun ce mu dawo bayan kwana biyu in bai yi sauƙi ba. Hajiya har yanzu cewa take haƙori ne, amma ita ta karɓi kofin da cokalin, ta ce ni ban iya ba da shi ba. Malama, zinc ɗin nan in fasa shi a nono ko a ruwa? Ya tofar da na farko.