Jiran Mako Ko Kwana Kallo: Musayar Waƙa

Mai Jiran Mako:
Assalamu alaikum. Ɗan ƙanena ya zo yana ba ni labari wai ya gama zango guda na wani shiri, kashi goma cif, a dare ɗaya. Na tambaye shi sunan mahaifin jarumar, ya tsaya yana sosa ƙeya. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗaura waɗannan baitoci. Mai amsa ya amsa da waƙa.

Kashi ɗai a mako nake son gani,
Ya bar min tunani, ya bar min sani.
A yanke shi daidai wurin zub jini,
Da safe mu yo gardama da wani.
Ya ce zai mace, ni na ce zai fita,
Jiran nan da shi ne ake yin gini.
Shi mai kwashe goma dare ɗai tsaye,
Ka tambai shi suna, ya ce, "Wai wani."

Ɗiyar Dare:
Wa alaikumus salam, Baba. Da girmanka, amma ba zan bar wannan ta wuce ba.

Baba, jiran gawon shanu ya kama ka,
Allo a kashe, kai kana ta hasashenka.
Kafin ranar ta zagayo rabi ya zube,
Sai an maimaito na baya an tuna maka.
Ni zangona a dunƙule nake ɗauka,
Zaren bai tsinke ba balle in ari naka.
Aikin dare nake, lokacin ba nawa ba ne,
Hutuna rana guda ce, ba irin taka.

Gwaggon Kowa:
Allah ya yi miki albarka, 'yata! Wannan ita ce amsa. Wanda bai taɓa kwana a tsaye kan majinyaci ba ai ba zai gane darajar rana ɗaya ta hutu ba. Baba, a wannan karon an fi ka, ka karɓa.

Kawu Mai Tarihi:
Gwaggo, a yi a hankali da raba kambu, wasa bai yi nisa ba. 'Yata, ki saurari wannan. A watan Maris na 1980 shirin Dallas na Amurka ya rufe zango da harbin J.R., ɗaya daga cikin manyan jaruman shirin, ba a nuna wanda ya yi harbin ba. Ba a bayyana shi ba sai ranar 21 ga Nuwamba, kuma a daren nan mutum fiye da miliyan 80 ne suka zauna gaban talabijin a Amurka kaɗai. Jira ne ya tara su, ba wani abu ba.

Wata takwas kowa da wanda yake zargi,
Gida da ofis ana ta batunsa.
Da an zubo shi duka a dare guda,
Da wa zai tuna yau da harbinsa?
'Yata, abin da aka jira shi ke zama,
Na gaggawa iska ke tafiya da sunansa.

Autan Zaure:
Kawu, su mutanen 1980 zaɓi suka yi ko dole ce ta sa su? Tashar ce ke da agogo, su nasu ido. Ranar 1 ga Fabrairu 2013 Netflix, manhajar kallon fina-finai ta intanet, ta saki shirin House of Cards, kashi 13 gaba ɗaya, kuma tun daga ranar mutane suka nuna abin da suke so da aka ba su dama.

Kawu, tamanin ta wuce, kana zaune,
Rimot a hannuna, ikon nawa ne,
Tun ran da Netflix ta saki kashi goma sha uku a tashi ɗaya aka gane,
Jira ba ado ba ne, tilas ne.

Ɗan Aruli:
Auta, tsaya. Kafin a yi maganar ma'ana, mu dubi abin da ka kira baiti. Ɗangonka na farko gaɓa 12, na biyu 11, na uku 24, na huɗu 10. Ɗango ɗaya ya haɗiye biyu. Wannan ba waƙa ba ce, zance ne aka liƙa masa "ne" a wutsiya. Dubi na Baba: karin mutaƙarab ne, fa'ulun fa'ulun fa'ulun fa'ul, gaɓa 11 a kowane ɗango daga farko har ƙarshe.

Idan za ka waƙa ka auna ta dai,
Kamar mai gini, sai ya jera ya kai.

Autan Zaure:
Malam, yadda nake kallo haka nake waƙa, idan na ɗauko ba na ajiyewa sai na kai ƙarshe. Kuma makaɗan baka da suka cika duniya da waƙa, wa ya gan su da ma'auni a aljihu? Kiɗa ke ɗaukar ɗango, dogo ko gajere.

Ɗan Aruli:
To ina kiɗan naka? Makaɗi yana da ganga da 'yan amshi, su ke cike masa gurbi. Kai rubutu ka yi, kuma rubutacciyar waƙa ba ta da ganga sai karinta. Halilu ɗan Ahmad na Basra bai zauna ya fitar da bahari, wato karin waƙa, 15 don wasa ba, har daga baya aka ƙara mutadarak suka zama 16. Zaɓi ɗaya a ciki ka hau, ko ka ce mana zube kake rubutawa, ba mai ganin laifinka.

Ɗiyar Dare:
Malam, tunda ma'auni ya fito, a auna kowa. Baba ya rufe ɗango na huɗu da "wani", ya sake rufe na takwas da "wani". Ka gani ka yi shiru saboda ɓangarenku ɗaya.

Ɗan Aruli:
Na gani. Sunansa iɗa'i, maimaita kalmar amsa-amo kafin a yi nisa, kuma aibi ne, ban musa ba. Amma tabo a riga daban, riga ba hannu daban. Kuma ni ba ni da ɓangare a zancen kallo, ni kari nake karewa.

Gwaggon Kowa:
Ba ka da ɓangare amma sai da aka matsa ka kafin ka faɗa? Malam, mun san ka. Auta, kada ka karaya, ɗana, ɗangonka dogo ne amma gaskiya ce a cikinsa tun daga kai har ƙafa.

Kawu Mai Tarihi:
Gwaggo, ke duk wanda ya soki jira gwani ne a wurinki, ko da ya zo da ɗango mai tsawon igiyar rijiya.

Autan Zaure:
Kawu, gara igiya mai tsawo, ita ke kai wa ga ruwa.

Mai Jiran Mako:
Jama'a, na fita na dawo na tarar an bar shiri an koma ƙidayar gaɓa. "Wani" biyu nawa ne, na ɗauka. Mu koma kan magana. Auta ya ce iko na hannunsa, 'yata ta ce zarenta bai tsinke ba. A 2017 shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, ya faɗa da bakinsa cewa barci na cikin abokan gasarsu. Shi ya sa kashi bai gama rufewa ba ƙidaya ta fara, daƙiƙa kaɗan na gaba ya hau da kansa, ba a jira ka ce eh ko a'a ba.

Kashi na biyar bai gama ba tukun,
Ƙidaya ta ce miki kar ki tsaya.
Kakan ce rimot ɗin yana gun ka ne,
Ashe shi ya ɗaure ka can a wuya.
Da barcinku ne su suke kokawa,
Ku kwana a zaune, ku tashi biya.

Kawu Mai Tarihi:
Allahu akbar! Yaya, wannan baiti na biyu ya isa a rufe zaure. Gwaggo, ina kambun?

Baƙon Asuba:
Ku yi haƙuri, sai yanzu na ga wannan, kwana biyu ban leƙo ba. Ban karanta rigimar awo ba tukuna, baitocin Baba na farko nake amsawa. Wannan dabara ta yanke labari a inda ya yi daɗi ta girmi talabijin nesa ba kusa ba, tana cikin Dare Dubu da Ɗaya.

Shaharazad ta san sirrin tun da daɗewa,
Takan yi shiru da zarar ta ga asuba.
Sarki ya wuni da tambaya a ransa,
Takobi ya koma kube bai sha jini ba.
Da ta zazzage labarin a dare na farko,
Da ba ta ga dare na biyu ba.

Ɗiyar Dare:
Biyu sun taru a kaina, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Yaya Baƙo tukuna:

Yaya, sarkin kullum dare ake ba shi,
Ba mako-mako ba, koma ka duba.
Kuma mai labarin tsoro ya sa ta yanke,
Ni ban ɗora wa kowa takobi ba.

Sai Baba, kuma da amsa-amonka zan rama:

Baba, kai ma ba kyauta ake ja maka rai ba,
Kashi goma, mako goma, wata uku kana biya.
Wanda ya yanke shirin a wurin zub da jini,
Ba don tunaninka ba ne, don kada ka juya baya.
Igiyata ta dare ɗaya ce, da safe na kwance,
Taka mako goma tana nan a wuya.

Ita kanta Netflix ɗin da ta ga haka ta fara raba zango gida biyu. Zango na huɗu na Stranger Things a 2022, kashi bakwai suka fito 27 ga Mayu, sauran biyu sai 1 ga Yuli. Me ya sa, in ba don mai biya ya tsallaka wani watan ba? Ƙidayar da kake magana kuwa ana iya kashe ta a cikin saiti, ni tawa a kashe take.

Autan Zaure:
Yaya Ɗiya, kin gama da su!

Ɗan Aruli:
Amsarki ga Baƙo ta fi wadda kika yi wa Baba tsari. Ta biyun ɗangogin sun yi ta miƙewa.

Gwaggon Kowa:
Malam, don Allah.

Mai Jiran Mako:
'Yata, maganar kuɗi kin yi gaskiya, ba zan ja ba. Bari in faɗi abin da ban faɗa ba tun farko. Shirin da ɗan ƙanena ya kwana a kai, shi nake kallo ni ma. An zuba shi duka, ni ne na yanka wa kaina Laraba, kashi ɗaya, saboda haka muka saba a gidana tun yara suna ƙanana. Malam, kada ka auna wannan, ban auna ba.

Da can mu biyar ne gaban akwati guda,
Laraba ta yi, kowa ya san wurin zama.
Yau kowa da allonsa a tafin hannu,
Ina kashi na uku, su tuni sun gama.
Ɗan ƙanena ya fasa min ƙwai a tsaye,
Ya faɗi wanda ya mutu, ya wuce kuma.
Ba labarin kaɗai ya ɗauke mini ba,
Har makonni bakwai na hira da gardama.

Gwaggon Kowa:
Kai, wannan yaro bai kyauta ba. Baba, wannan ta taɓa ni, ni ma ɗakina haka ya koma. Amma laifin bakin yaron ne, ba na kallonsa ba, ina nan a kan bakana.

Kawu Mai Tarihi:
Bakin da kallon ai tare suke, Gwaggo. Wanda ya riga kowa kai wa ƙarshe, labarin ƙaiƙayi yake masa a harshe, ba shi da abokin hira sai wanda zai ɓata wa.

Ɗiyar Dare:
Kawu, to ka ji ta ɗaya gefen. Shirin Game of Thrones mako-mako tashar HBO ta riƙa sakin sa, daga 2011 har 2019, kashi 73. Na ƙarshe ya fito 19 ga Mayu 2019, ina bakin aiki. Da na tashi na buɗe waya, kafin in kai ƙofa na san wanda ya mutu da wanda ya hau mulki. Ba masu kwana kallo suka yi min haka ba, masu jiran mako ne, waɗanda duk suka kalla a sa'a ɗaya suka ɗauka kowa ma yana zaune.

Baba, na ji, ɗan nan bai kyauta ba,
Amma ƙwaina masu mako suka fasa.
Kashi saba'in da biyu na bi da idona,
Na ƙarshe na tarar da shi warwatse a ƙasa.
Ina ɗaura wa majinyaci ruwa suna rubutu,
Kafin in cire safar hannu sun gama rabonsa.
Bakina zan riƙe, wannan alkawari ne,
Idona kuwa ni ke yanka masa lokacinsa.

Baƙon Asuba:
Yanzu na karanta rigimar awo. Malam yana da gaskiya a kan ɗango na uku, amma "igiyar rijiya" ta Kawu ta yi tsauri ga yaro mai koyo.

Autan Zaure:
Na gode, Yaya. Malam, ga ɗangon na gyara, ka ƙirga:

Netflix ta zubo sha uku aka gane.

Gaɓa 12, daidai da na farko.

Ɗan Aruli:
Ƙidaya ta yi, 12 ne. Amma awo ba ƙidaya kaɗai ba ne. Ɗangon farko ya buɗe da "Kawu", gaɓa mai nauyi sai mara nauyi. Wannan ya buɗe da "Netflix", masu nauyi biyu a jere. Tun ƙafar farko sun raba hanya. Sake zama a kai, ka kusa. Ina Baba ne? Ɗiyar Dare ta ajiye masa baitoci huɗu tun ɗazu ba amsa.

Gwaggon Kowa:
Yau Laraba ce, Malam. Ya kashe waya, yana kashi na huɗu. Sai gobe za ku ji shi.