Wane suna za mu raɗa wa bindigar da ake tokarewa a kafaɗa amma harsashin fistol take ci?

1/
Jama'a, masu fassarar labarai da malaman Hausa, ku zo ku taya ni aiki. Akwai wata bindiga da sunanta ke yawan fitowa a labaran Amurka, na kotu ne, na gasar harbi ko na ce-ce-ku-ce kan dokokin makamai, kuma kowane mai fassara yana kiran ta da abin da ya zo masa a baki. Amurkawa na ce mata "pistol-caliber carbine", su taƙaita su ce PCC. A wurinmu wani ya ce doguwar fistol, wani ya ce ƙaramar mashinga, wani ya gudu da "wata irin bindiga". Duk babu wanda ya dace. Ina da shawara, amma bari ku fara ganin kayan kafin a raɗa suna.

2/
Bindiga ce mai gindi da ake tokarewa a kafaɗa, a riƙe da hannu biyu. Bututunta yawanci inci 16 ne, wato kusan santimita 41, kuma ba haka kawai aka zaɓi tsawon ba: dokar makamai ta Amurka ta 1934, bayan gyaran da aka yi mata, ta sa duk bindigar kafaɗa irin wannan da bututunta ya gaza inci 16 sai an yi mata rajista ta musamman, shi ya sa kamfanoni ke tsayawa daidai bakin iyakar. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne abincinta. Harsashin fistol take ci, galibi mai milimita 9, wanda Georg Luger ya ƙirƙira a farkon ƙarni na 20. A wasu ƙirar ma za ka zare gidan harsashi daga fistol ɗin Glock, ka cusa shi a cikinta, ya shige ya ce ƙwas. Yaya da ƙanwa ne masu ci a akushi ɗaya.

3/
Dabarar tsohuwa ce. Kamfanin Winchester ya fitar da bindigarsa ta 1873 da harsashin .44-40, kafin ƙarshen shekarun 1870 kuma kamfanin Colt ya fara ƙera libarba mai cin wannan harsashin. Makiyayin shanu a yammacin Amurka sai ya sayi harsashi iri ɗaya, ya ɗura wa ta ƙugu, ya ɗura wa ta sirdi.

4/
Nan ne nake so mu daɗe, domin a nan sunan yake.

Harsashin AK-47 yana fita da gudun kusan mita 715 a sakan ɗaya. Na milimita 9 kuwa daga fistol bai cika wuce mita 370 ba, idan ya bi dogon bututu ya ɗan haura 400. Ƙarfin na AK ya kai kusan ninki uku. Saboda haka dole a kulle bayan harsashin AK gam lokacin da albarushi ya kama, sannan a ɗebi iskar fashewar ta wata 'yar kafa a jikin bututu, ita ta buɗe kullen. Wannan aiki ne na ƙarafa da yawa masu son gwaji da sassaƙa.

Ta harsashin fistol ba ta buƙatar duk wannan. Sakata ce ta ƙarfe mai nauyi, da sifirin a bayanta. Ka danna kunama, albarushi ya kama, kan harsashi ya yi gaba, kwanso ya tura sakatar baya. Nauyinta kaɗai ke sa ta yi jinkiri har kan ya fice daga baki. Ta ja baya, ta wurgo kwanson gefe, sifirin ya dawo da ita, a hanya ta kwaso sabon harsashi. Shi ke nan. Ba kulle, ba kafar iska. Ƙarancin kayan ciki ne ya saukar da kuɗinta, shi ne kuma ya sa ba ta da wuraren lalacewa da yawa. Arahar da ingancin tushensu ɗaya: harsashin fistol. Duk sunan da ya bar harsashin a baya ya bar bindigar.

Tana da aibinta. Sakata mai nauyi tana dukan kafaɗa fiye da yadda ake zato ga ɗan ƙaramin harsashi, baƙin hayaƙi kuma yana taruwa a ciki da wuri. Bayan mita 100 kan harsashin ya fara sunkuyawa ƙasa sosai.

5/
Uku ne aka fi ambata idan ana maganar masu sauƙin kuɗi.

Hi-Point 995, ƙirar garin Mansfield a jihar Ohayo, ta fito a shekarun 1990, zamanin dokar 1994 da ta hana sabon gidan harsashi mai ɗaukar fiye da 10, don haka 10 nata ke ɗauka. Kuɗinta na yawo a wajen dala 300. Masu bindiga a can sun daɗe suna yi mata ba'a: mummuna ce, ga nauyi, ga roba ko'ina, kwance ta domin wanki ma aiki ne. Amma waɗanda suka riƙe ta da yawa suna shaidar cewa tana tashi. Kamfanin kuma ya ba ta garanti na tsawon rayuwarta, ko da ta canza hannu.

Kel-Tec SUB-2000, daga jihar Fulorida, ta fito a 2001. Wannan sai ka gani da idonka: ka ja zoben da ke kare kunama ƙasa, bututun ya ɗago ya naɗe ya kwanta a bayan gindin, doguwar bindiga ta koma rabin tsawonta, ta shige jakar goyo. Nauyinta kusan kilo biyu.

Ruger PC Carbine ta zo a ƙarshen 2017 da farashin kamfani dala 649. Ita rabuwa take yi gida biyu, kuma an saka dunƙulen ƙarfen tangistan a cikin sakatarta domin rage dukan da na ambata. Ku kwatanta da SP5 ta kamfanin Heckler & Koch na Jamus, mai cin harsashi iri ɗaya amma kuɗinta ya haura dala 2,500.

Me ke sa ana saye? Harsashin milimita 9 ya fi na manyan bindigogi sauƙi, wuraren koyon harbi na cikin gini da dama sun fi yarda da shi, sabon shiga kuma ya fi samun saiti da abin da ya tokare a kafaɗa fiye da wanda ke rawa a tafin hannu.

6/
Yanzu ga sunayen da na ƙi.

"Doguwar fistol" ta juya abin. Fistol ba ta da gindin kafaɗa, kuma a dokar Amurka waɗannan da na lissafa suna sahun bindigogin kafaɗa ne. Mai fassara labarin kotu da ya ce fistol ya canza wa mutum tuhuma.

"Ƙaramar mashinga" ta fi muni. Uzi, Sten da MP5 ta sojoji su ma harsashin fistol suke ci, amma idan ka danne kunama feshi suke yi. Tamu danna ɗaya, harsashi ɗaya. Tun 1986 aka rufe wa fararen hula a Amurka ƙofar rajistar sabbin masu feshi. Ka kira ta mashinga ka tsorata mai sauraro da ƙarya.

"Karabin" ita ce na fi tsayawa a kanta, domin aro ba laifi ba ne: libarba da mashinga ai duk aro ne. Kalmar daga Faransanci take, asalinta gajeriyar bindigar mahaya doki. Sai dai 'yan uwanmu na Nijar da suka yi karatun Faransanci sun san ta a matsayin bindigar farauta ko ta wasan harbi gaba ɗaya. Sannan M4 ta sojojin Amurka ita ma karabin ce, alhali babban harsashi take ci. Ko mun ara, sai mun ƙara bayani, mutumin Gusau kuma bai taɓa jin ta ba.

7/
Shawarata: 'yar kafaɗa.

Hausa ta saba raɗa wa bindiga suna daga halinta ko jikinta. Harba-ruga ta faɗi abin da mai ita zai yi bayan harbi ɗaya. Mai baki biyu ta faɗi ƙirarta, mai jigida ta faɗi yadda ake ciyar da ita, bindigar baushe ta faɗi icenta. "Kafaɗa" ta raba ta da fistol, "'yar" ta nuna gajarta. To kowace gajeriyar bindigar kafaɗa 'yar kafaɗa ce, har M4. Tamu kuwa cikakken sunanta: bindiga 'yar kafaɗa mai harsashin fistol.

8/
Malam, na ga abin da kuka rubuto, cewa "'yar kafaɗa" ta yi kama da sunan riga ko jaka, kamar 'yar ciki da 'yar shara. Gaskiyarku. Shi ya sa na ce a ambaton farko dole kalmar bindiga ta rigaye ta. Bayan nan mai karatu ya san inda ake.

Hajiya kuwa ta kawo abin da ya fi damuna: cewa "'yar" tana ƙanƙanta abu, ta mayar da shi kamar kayan wasa. Hajiya, maganarku ta shige ni. A harin makarantar Kolambain a jihar Kolorado, ranar 20 ga Afrilun 1999, ɗaya daga cikin maharan biyu Hi-Point 995 ya riƙe. Bindigar da ake wa dariya saboda muni da araha ce aka kashe 'ya'yan mutane da ita. Ba na son sunan da zai sa a ji ta da sauƙi. Don haka na yarda a raba: a labarin kisa ko na kotu a rubuta "gajeriyar bindigar kafaɗa mai harsashin fistol", ko da ya yi tsawo. 'Yar kafaɗa ta zauna a labarin gasa, na kasuwa da hirar baka.

9/
Sauran kalmomi biyu da ke rakiyar ta.

Wani ɗan uwa ya ce a kira masu ƙaramin farashin "harba-rugar Bature". A'a, ƙanena, wannan hukunci ne, ba fassara ba. "Mai araha" ma ina ɗari-ɗari da ita, domin kunnen Bahaushe yana jin ta ya tuna araha ba ta ado, ya ɗauka tarkace ne. Abin da ake nufi shi ne kayan da aka rage wa ƙyale-ƙyale domin mai ƙaramin ƙarfi ya iya saye. "Mai sauƙin kuɗi" ta fi riƙe wannan ma'ana ba tare da zagi ba.

Ingancin kuma mu raba shi biyu, domin muna cuɗa su. Ƙarko shi ne ta daɗe ba ta karye ba. Abin da masu bindiga a Amurka suka fi tambaya dabam ne: idan aka danna, tana tashi? Mafarautanmu suna da kalmar tun tuni: bindiga ta tashi, bindiga ta ƙi tashi. Idan harsashi ko kwanso ya tsaya a hanya, ta cije. Sai mu ce "ba ta ƙin tashi" ko "ba ta cijewa". Kuma a irin waɗannan bindigogi, cijewar sau da yawa daga lalataccen gidan harsashi ko harsashi mara ƙarfi take zuwa, wanda ya kasa tura sakatar har ƙarshe. Mai fassara ya lura kada ya ɗora wa bindiga laifin da rahoton ya ɗora wa harsashi.

10/
Ga masu tambaya ko ana sayar da ita a nan: dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta saka fistol, libarba da bindigogin soja masu milimita 9 a jerin haramtattu ga mutum ba tare da izinin shugaban ƙasa ba. Sunan muke nema domin mu ba da labari daidai, ba talla nake yi ba.

11/
Ga jimlar gwaji, ku karanta ta da ƙarfi ku ji ko tana tuntuɓe: "Kamfanin Ruger ya fitar da bindiga 'yar kafaɗa mai harsashin fistol a 2017. 'Yar kafaɗar mai sauƙin kuɗi ce, masu gwaji kuma sun ce ba ta cijewa."

Abin da ya rage mini shi ne "sakata". Na aro ta daga ƙofa, kuma ta ƙofa kullewa take yi, wannan kuwa ba ta kulle komai. Maƙera, tsofaffin sojoji da 'yan sanda, musamman na Damagaram da Maraɗi, idan kuna da sunan da kuke kiran wannan ƙarfen da shi a bariki ko a maƙera, ku ajiye mana a ƙasa.