Shawarwarin fada kan ba manhaja izinin shiga

Daren Asabar a fadarmu ta Yantala, nan Yamai, har shayi ya kai zagaye na uku muna kan magana ɗaya: yadda manhajar kwamfuta za ta samu izinin shiga asusun mutum na Google ba tare da ta ga kalmar sirrinsa ba, wato tsarin OAuth 2.0.

Kowa ya yarda a daina buɗe shafin shiga a cikin manhajar kanta. A tura mutum burauzar da ya saba da ita, inda yake ganin adireshi da idonsa. Haka ƙa'idar RFC 8252 ta 2017 ta tanada. Manhajar sai ta jira amsa a 127.0.0.1, wato adireshin da kwamfuta ke kiran kanta da shi, a haɗa da PKCE, wata dabarar tsaro, don kada wata manhaja ta sace lambar izinin da Google zai aiko ta yi amfani da ita.

Inda muka daɗe shi ne bayan an danna "na yarda". Babban yayanmu ya ce ya taɓa ganin wata ma'aikaciya ta zuba wa farin shafi ido, hannu a haɓa, ba ta san an gama ba. Ya ce a rubuta mata a shafin kawai: an gama, koma manhajar. A ganina wannan shawarar ta fi sauran amfani. A kuma sa maɓallin sake gwadawa, don kun san halin intanet ɗinmu.

Lambar sabunta izini, wadda manhaja ke ci gaba da shiga da ita ba sai an sake tambayar mutum ba, a adana ta a ma'ajiyar sirri ta kwamfutar, wato Keychain a Mac ko Credential Manager a Windows, kada a bar ta fili cikin fayil. Izini kuwa, a nemi wanda ake bukata yanzu kaɗai.