Ƴan mutanen takarda don wasan labari kan tebur: abin da aka tsayar a Maradi

A wasan, kowa na ɗaukar matsayin wani a cikin labari, ƴan mutanen takarda kuma su ke wakiltarsu kan tebur. Da aka tattauna yadda za a yi su, an fi daɗewa kan girma. Zane mai tsawon fiksel 32 (ƴan ɗigogin da ke haɗa hoto a kwamfuta) a ninka shi sau 10 cif, a kashe santsin da kwamfuta ke sawa, in ba haka ba gefuna su dushe. A buga kan ɗigo 300 a inci, tsawo ya fito wajen milimita 27. Kada injin bugawa ya daidaita hoton da shafi, yana ɓata ma'auni.

Takarda mai kauri, giram 200 a murabba'in mita. A kifa kwafin hoton bisa kan na farko, a ninke daga ka. Gam na ruwa na lanƙwasa takarda, na sanda ya fi.

Gindin da zai tsaya a kai kuwa, kwabon dala ashirin na sefa ya isa, fanka ba ta kwashe shi.